Gidan Mabiya Hindu a Littafin Yara: Abin da Mai Zane Zai Yi da Wanda Ba Zai Yi Ba

Idan mawallafi ya kira matashin mai zane a Kaduna ya ce ga labarin wata yarinya 'yar Indiya, iyayenta mabiya addinin Hindu, a ƙawata shi da hotuna domin 'yan firamare, amsar da zai fara ji ita ce: "Ai wannan mai sauƙi ne, mun san Indiya." Daga nan ɓarnar take farawa. Tun kakanninmu suke kallon finafinan Indiya a silima, irin su Mother India na 1957, yau kuma ga fassararsu da Hausa a kowace waya. Wannan doguwar sabo ta sa muna jin mun san mutanen, alhali yawancinmu ba mu taɓa zama a falon Ba'indiye mun sha ko ruwa ba.

Su kuwa ba baƙin jiya ba ne a garin nan. Da aka buɗe Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA a Kaduna a 1964, shugabanta na farko hafsan sojan Indiya ne, Birgediya M. R. Varma. Kamfanin Chellarams na 'yan kasuwar Sindh yana Najeriya tun 1923. Dattawanmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 suna tuna malaman lissafi da kimiyya Indiyawa. Har gobe akwai masu masana'antu da injiniyoyi da likitoci daga can da ke zaune tare da mu.

Yaro yana ganin hoto kafin ya iya haɗa baƙi. Abin da ka zana masa game da wasu mutane shi zai riƙe har girma. Kuma Kaduna ta san kuɗin da ake biya idan aka yi sakaci da maganar addini: rikicin 2000 da na 2002 su suka raba garin nan, kowa ya koma gefen kogin da yake jin zai kwana lafiya, na 2002 ɗin kuwa rubutun jarida ne ya tayar da shi. Saboda haka sharuɗɗan da ke tafe ba na zaɓi ba ne. Wanda ba zai iya cika su ba, ya mayar wa mawallafi da aikinsa.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka tsayar da iyali guda, ka san daga ina suka fito. Indiya ta haura mutum biliyan 1.4, tsarin mulkinta ya lissafa manyan harsuna 22. Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari mabiya Hindu ne, to amma su kansu kala-kala ne. Mutumin Gujarat da na Tamil Nadu ba sa jin harshen juna, abincinsu daban, ɗaurin zanen matansu daban, bukukuwansu ma ba duka suka zo ɗaya ba. 'Yan kasuwar Sindh, waɗanda raba ƙasar Indiya na 1947 ya fitar da danginsu daga yankin da yanzu yake cikin Pakistan, suna da bikinsu na sabuwar shekara, Cheti Chand, wanda mutumin Kerala bai tashi da shi ba. Kafin ka fere fensir, ka rubuta a shafin farko na littafin gwajinka: wace jiha, wane harshe ake yi a gida, mene ne sana'ar uba da uwa, shekara nawa suka yi a Kaduna. Duk abin da za ka zana daga baya, da wannan shafi za ka auna shi.

2. Ka shiga gida ta ƙofa. Ka nemi wanda ya san su ya gabatar da kai: abokin aiki, malamin makarantar 'ya'yansu, ko maƙwabci. Ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, ka nuna zanenka na baya, ka faɗi wa zai buga littafin da yaran da za su karanta shi. Idan mace ce ta fi sanin abin da kake nema, kamar girki da ɗaurin zane, ka tafi da 'yar'uwarka ko maiɗakinka. Ka cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce maka ba. Ka miƙa abu ka karɓa da hannun dama. Tsarabarka ta zama dabino ko lemo ko ayaba. Idan sun ce a'a, ka yi godiya ka tafi, gidan mutum ba kasuwa ba ce.

3. Ka zauna a madafa ka kalli hannu. Ran littafin yara yana cikin ƙananan abubuwa, kuma ido kaɗai ke kamo su. Dubi yadda uwa daga arewacin Indiya take yin gurasar da suke kira roti: ta gutsuro ƙullin alkama kamar girman ƙwai, ta mulmula shi a tafin hannu, ta barbaɗa gari a kan ɗan zagayayyen katako, ta murza shi da siririyar sanda tana juya shi har ya zama faifai. Ta ɗora a faffaɗan kaskon ƙarfe, ta juya, sannan ta ɗauke shi da matsefin ƙarfe ta aza kan harshen wuta, nan take ya kumbura, ta sauke ta shafa man shanu. Yarinya tana tsaye tana jiran nata, gari a goshinta. Kusa da murhu akwai zagayayyen kwanon ƙarfe mai ƙananan kofuna a ciki, wannan kurkum, wancan barkono, wancan ƙwayar mustad. Wannan hoto guda ya fi shafi goma na raye-raye. Idan kuwa iyalinka 'yan kudu ne, shinkafa ce abincinsu, ran biki a kan ganyen ayaba ake zuba ta, kada ka ba su gurasar arewa a kowane shafi.

4. Ka koyi wane ne wane a gidan. A wannan fanni Bahaushe yana da gata, domin mu ma mun raba baffa da kawu, mun raba goggo da inna. Masu jin Hindi suna kiran kakanni na wajen uba Dada da Dadi, na wajen uwa Nana da Nani. Ƙanin uba Chacha ne, 'yar'uwar uba Bua, 'yar'uwar uwa Mausi, yaya mace Didi. Wani harshen yana da nasa, sai ka tambaya. Ka lura da gaisuwa: ana haɗa tafin hannu biyu a ƙirji, yaro kuma yakan sunkuya ya taɓa ƙafar kaka, ita ta ɗora masa hannu a ka ta sa albarka. Ka zana yaron yana yi wa babba, kada ka juya lamarin. Kuma ka kalli gidan da ke gabanka yadda yake. Iyalin da aiki ya kawo Kaduna sau da yawa uba ne da uwa da yara biyu, kaka tana can gida, ta waya ake ganinta da yamma. Idan haka ka tarar, haka za ka zana.

5. Ka bambance tufafi da alamomi. Zanen sari yana kaiwa mita biyar da rabi, ana naɗa shi a ƙugu, a yi masa ninki a gaba, a yafa ragowar. A ɗaurin da ya fi yaɗuwa, ragowar tana hawa kafaɗar hagu ta zuba baya. Matan Gujarat kan kawo ta daga baya ta kafaɗar dama ta sauko gaba. Ɗigon goshi yarinya ma tana sawa, amma jan garin da ake zubawa a tsagar gashi na matar aure ne, haka nan sarƙar aure ta wuya. Ka sa wa 'yar shekara bakwai wannan jan gari, ka aurar da ita ke nan a idon duk wanda ya sani. Amaryar arewacin Indiya ja take sawa, ta Kerala kuwa fari mai bakin zinariya. A al'adar da, farin zane marar ado na wadda mijinta ya rasu ne. Ranar aiki uba riga da wando yake sawa, yara rigar makaranta, uwa wataƙila doguwar riga da wando da gyale. Kayan biki a bar su sai ranar biki.

6. Ka yanke shawara kan wurin ibada tun da wuri. A yawancin gidajensu akwai ɗan lungu ko kanta da aka keɓe: hotuna ko siffofin abin da suke bauta wa, ƙaramar fitilar mai da lagwanin auduga, turaren tsinke, furanni, 'yar ƙararrawa. Wasu suna shuka tulsi, dangin ɗoɗɗoya, suna ba ta ruwa kowace safiya. Matan kudancin Indiya kan yi zanen garin shinkafa a bakin ƙofa da asuba. Ka tsaya daga nesa, kada ka taɓa, kada ka ɗauki hoto sai an yarda. Idan addininka bai ba ka damar zana waɗannan siffofi ba, ka gaya wa mawallafi tun farko. Akwai mafita mai mutunci: ka zana kaka ta baya, hasken fitila a gefen fuskarta, hayaƙin turare yana tashi, jikarta tana leƙe daga ƙofa. Idan kuma za ka zana, to ka zana daidai, ka kai wa masu abin su duba.

7. Ka sa Kaduna a cikin hoton. Iyalin nan a nan suke zaune. Bikin fitilu na Diwali yana faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba, lokacin da damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ka jera musu fitilun a barandar gida irin na Unguwar Rimi ko Malali, da katanga da tankin ruwa da janareta a gefe. Ka kai uwa Kasuwar Gumi tana cinikin tumatir da 'yar Hausarta. Ka sa yarinya a Keke Napep a titin Ahmadu Bello, keken da ma kamfanonin Indiya irin su Bajaj da TVS ke ƙerawa. Ka dasa musu darbejiya da mangwaro, waɗanda asalinsu daga yankin Indiya ne. Ka ba ta ƙawa Bahaushiya, su zauna ana yi musu lalle tare. Ta haka yaron Kawo ko Badarawa zai gane cewa maƙwabta ake ba shi labari.

8. Ka mayar da zanen a duba kafin maɗaba'a. Ka kai wa iyalin zanen fensir, tun gyara bai yi tsada ba. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce ya yi. Ka ce: "Ina ne na yi kuskure? Wane abu ne ba za a taɓa gani a gidanku ba?" Sannan ka kai wa malamin firamare da uwa Bahaushiya, domin su ne za su buɗe littafin a gaban yara. Wanda ya ba ka lokacinsa ka gode masa a littafin idan ya yarda a ambace shi, kuma ka kai masa kwafi da hannunka.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka kwafi fim. Fim sana'ar nishaɗi ce, an gina shi a kan ƙawa da kuka da rawa. Gidan benen nan mai matakala biyu, da suruka mai harara cikin gwala-gwalai da tsakar dare, da jarumi mai dukan mutum ashirin, ba su da wuri a littafinka. Kai kanka ka san yadda ranka ke ɓaci idan aka nuna Bahaushe a fim ɗin kudu, kullum maigadi ne mai rediyo da gurɓataccen Turanci. Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani. Zama kusa da mutane ma bai isa ba idan ba a buɗe ido ba. Helen Bannerman ta yi shekaru a Madras, ta fitar da littafin yara Little Black Sambo a 1899. Labarin yana da damisa da man shanu irin na Indiya, amma yaron da aka zana siffar izgili ce ta baƙar fata, kuma littafin ya zama abin misali na cin zarafi a duniya har yau.

2. Kada ka cakuɗa mutane da bukukuwa. Ba kowane Ba'indiye ne mabiyin Hindu ba. Ƙidayar 2011 ta ba Musulmi fiye da kashi 14 cikin ɗari, ga Kiristoci, ga Sikh, ga Jain, ga mabiya Buddha. Rawani mai tsini da gemun da ba a askewa alamar Sikh ce, kada ka ɗora wa uban yarinyarka don kawai ya yi kama da Ba'indiye. Taj Mahal kabari ne da sarki Musulmi, Shah Jahan, ya gina wa matarsa, ba wurin bautar Hindu ba ne. Watsa garin launi na bikin Holi ne, wajen Fabrairu ko Maris. Ɗaura wa ɗan'uwa zare a hannu na Raksha Bandhan ne, wajen Agusta. Pongal na Tamilawa ne, a tsakiyar Janairu. Wanda ya tara su a shafi guda ya nuna bai tambayi kowa ba.

3. Kada ka yi wasa da maganar abinci. Saniya tana da girma a wurinsu, mafi yawansu ba sa cin namanta. Kada ka kai musu kilishi ko tsire a matsayin tsaraba, kada ka zana shi a teburinsu. Sai dai kada ka zarce ka ce duk ba sa cin nama: binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 44 cikin ɗari na mabiya Hindu a Indiya ne suka ce ba sa cin nama kwata-kwata. Mutanen Bengal da kifi aka san su. Wasu gidajen ko ƙwai ba ya shiga, wasu har albasa da tafarnuwa suna bari a ranakun azuminsu. Gidan da ka zaɓa shi za ka tambaya.

4. Kada ka mayar da su matsafa. Mun tashi muna jin cewa Indiya ƙasar tsafi ce, har da ƙagaggen labarin wasan ƙwallon da aka ce sun ci Najeriya 99 da 1, ƙwallo tana rikiɗa zaki. Ba a taɓa yin wannan wasa ba. Mai busa wa maciji sarewa, da tsoho mai kwana kan ƙusoshi, da giwa a bakin kowace ƙofa, duk ka ajiye su. Ƙasar da 'yan'uwanmu ke tafiya neman magani da karatu ce, ƙasar da ta sauke kumbon Chandrayaan-3 a kan wata a Agustan 2023. Uwar yarinyarka tana iya zama likita ko akanta.

5. Kada ka wanke musu fata. Indiyawa sun kama tun daga farare sol har baƙaƙe wuluk, da yawansu launinmu ɗaya. Su kansu suna fama da wannan cuta: jerin littattafan zane na Amar Chitra Katha, da Anant Pai ya kafa a 1967, sun sha suka kan zana na kirki da haske, miyagu da duhu. A 2020 matsin lamba ya sa aka canza wa man shafawar Fair & Lovely suna. Mu ma ga 'yan matanmu suna ɓata jikinsu da man bilicin. Idan jarumar littafinka fara ce, mai aikin gida da ɓarawo baƙaƙe, ka koya wa yarinyar Rigasa ta raina fatar da Allah Ya ba ta. Wannan zunubin a wuyanka yake.

6. Kada ka yi izgili, kada kuma ka yi wa'azi. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana Musulmi zagin abin da wasu ke bauta wa, ta kuma faɗi dalili. Kada ka karkata fuskar abin bautarsu don ba da dariya, kada ka ajiye siffarsa a ƙasa ko kusa da takalmi ko ƙarƙashin ƙafar wani. Ko littafi ba sa yarda ƙafa ta taɓa, idan ta taɓa bisa kuskure sukan shafa shi su kai hannu goshi. A ɗaya gefen, littafin ba na kiran yara zuwa wani addini ba ne. Kai da marubuci ku jingina kowace aƙida ga masu ita: "Kakarta ta yi imani da kaza", "A gidansu suna yin kaza". Uban da ke Tudun Wada yana da haƙƙin ya saya wa ɗansa littafi hankalinsa kwance, kuma ɗan da ya san yadda maƙwabcinsa ke rayuwa bai rasa komai daga addininsa ba.

7. Kada ka tono abin da ba a kira ka dominsa ba. Kada ka tambayi mai masaukinka wane rukunin asali ya fito. Tsarin fifiko na haihuwa gaskiya ne, har yanzu yana cutar da miliyoyi, ko da yake sashe na 17 na tsarin mulkin 1950, wanda B. R. Ambedkar ya jagoranci tsara shi, ya soke ƙyamar da ake yi wa na ƙasa. Magana ce mai nauyi, tana buƙatar nata littafin da wanda ya san ta ciki da waje. Haka batun ƙona gawa, da tsohuwar al'adar ƙona mace tare da gawar mijinta wadda aka haramta tun 1829. Kada ka jefa su cikin labarin 'yar shekara bakwai don ka razana yara.

8. Kada ka ci amana, kada ka yi sata. Abin da ka gani a gidan mutane na rigima ko rashin lafiya ko bashi, a nan za ka bar shi. Kada ka zana fuskar 'ya'yansu yadda za a gane su a titi, kada ka sa sunansu ko lambar gidansu, musamman a wannan zamani na satar mutane. Hotunan da ka ɗauka kada su hau Facebook. Kada ka ɗauko zanen wani daga intanet ka bi layinsa, kada ka ce wa manhajar ƙirƙirar hoto ta yi maka "iyalin Indiya" ka sa hannu a ƙasa. Ka duba aikin masu zanen Indiya na yau, irin littattafan Tulika da Tara na Chennai da rumbun StoryWeaver na Pratham Books, don ka ga yadda suke zana kansu, sannan ka rufe ka yi naka.

Labaran Indiya sun daɗe da shigowa hannunmu. Kalila wa Dimna, da Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, tushensa Panchatantra ne na Indiya, kuma malamanmu sun karanta shi a zaure. Abin da ya rage mana shi ne sanin mutanen da kansu, ga su kuwa a garinmu.

Ɗan'uwa mai zane, matambayi ba ya ɓata. Ka je ka gani, ka tambaya, ka zana gaskiya, ka mayar a duba. Ku kuma mawallafa, ku ba shi lokaci da kuɗin wannan bincike, ku daina neman hoto talatin a mako guda. Iyaye da malamai, ku buɗe littafi ku duba hotunansa kafin ku miƙa wa yaro, wanda kuka ga ya wulaƙanta wata al'umma ku ƙi saye, ku kuma gaya wa mai shago dalili.